Saƙon da Ya Tsaya a Layi na Huɗu

Ku 'ya'yana, na sha jin yadda kuke ba jikokina labarin shekarar da aka sallame ni daga aiki, kowa da irin nasa. Wani ya ce na buɗe abin da aka hana ni buɗewa. Wata ta ce na ɗauke ruwan unguwa na kai ƙauye alhali yayarku tana kwance da ɗanyen jego. Duka biyun ba ƙarya ba ne, kuma ban ɗauki alƙalami don in wanke kaina ba. Sai dai ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni abin da idona ya gani a wannan shekara, ni kuwa tun da Allah ya halicce ni ban taɓa ganin abin da ya cika ni da mamaki irinsa ba. Shi nake so in bar muku.

Kun san ƙarfina duk a gidan waya ya ƙare, ina zaune gaban allon haɗa kira, abin ji a kunne, in soka wannan igiya in zare waccan. Da salula ta shiga hannun kowa sai aikinmu ya mutu a tsaye, na dawo gida unguwar Zango na zauna. Babanku yana shagonsa na ɗinki, ni ina tsakar gida ina faɗa da ku. Ana nan sai ga shekarar farin nan. Ruwa ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka da murna, gero ya tashi har ya fara ciki, sai sama ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Kafin rani ya yi nisa tabkuna sun tsattsage, rijiyoyin ƙauye sun fara ba da laka. A cikin gari kuwa in ka murɗa pampo sai ya yi tari ya yi shiru. Ruwan da muke sha sitarna ce, babbar motar ruwan nan, take kawo wa unguwarmu sau ɗaya a mako, ran Alhamis. Tun daga Laraba za ka ga bido, jarkokin ruwa, sun yi layi har ƙofar masallaci, kowace da tsumma ɗaure a wuya don mai ita ta gane abinta.

Cikin wannan hali wata ƙungiyar agaji ta buɗe biro, wato ofis, a gari, aka ce suna neman mai karanta Faransanci da Hausa, wanda zama wuri ɗaya ba ya gundurarsa. Babanku ya yi dariya ya ce in dai zama ne, ai an samu. Haka na tafi. Wanda ya karɓe ni injiniyansu ne, Mushe Laminu, wani siririn mutum da furfura ta fara tsiro masa a gemu, ba ya ɗaga murya ko da me ya faru. Ya kai ni wani ɗan ɗaki mai sanyi, a kusurwa ga wata baƙar na'ura da ta kai min ƙugu tana ta gunji a hankali, a kan tebur kuma ga allon ordinata, wato kwamfuta.

"Hajiya, kin taɓa aiki da irin wannan?"

Na ce, "Ban taɓa ba, Mushe."

"Ba komai. Ba tuƙa ta za ki yi ba, gadinta za ki yi."

Ya zauna ya yi min bayani kamar mai koya wa ɗiyarsa girki. A kowane ƙauye an ba mai kula da rijiya salula, aka koya masa ya aiko da lambobi kowace safiya: gaba nawa guga yake yi kafin ya taɓa ruwa, gida nawa ke sha daga rijiyar. Saƙon ba wurin mutum yake zuwa ba, wurin wannan na'ura yake zuwa. Ita ba ta karantawa, ba ta yanke wa kowa hukunci. Karɓa take yi, ta jera shi a layin yankinsa, layi shida ne gaba ɗaya, ta riƙe shi har mai ɗauka ya zo. Mai ɗaukan kuwa wata na'ura ce ta sashen ruwa, ita ke jan saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ta auna inda ƙishirwa ta fi tsanani, ta fitar da takardar da ake ba direbobin sitarna. Miƙa wannan takarda ma yana cikin aikina. Sannan ya faɗa min abin da ban yarda da shi ba a ranar, wai na'urar nan ba ita kaɗai ba ce, tana da 'yan'uwa biyu, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Yamai, kuma duk saƙon da ya shigo sai an rubuta shi a cikin su ukun kafin a ce ya iso.

Lambobi huɗu ya ce in sa wa ido, ya rubuta min sunayensu da Hausa a ƙasan allon. Shiga, wato saƙo nawa ke zuwa. Fita, nawa ake ɗauka. Saura, nawa ke jira ba a ɗauka ba. Ta huɗu kuma tana nuna ko na'urorin uku bakinsu ɗaya. Kowace lamba tana da zaren da take ja a allo, yana hawa yana sauka.

"In kore ne, lafiya. In ya yi ja, ki kira ni," in ji shi.

Makon farko ba abin da nake gani sai zare. A mako na biyu idona ya buɗe. Da asuba zaren Shiga yana kwance kamar macijin da sanyi ya kama. Da rana ta fara fitowa sai ya motsa, ya ɗago, ya hau, ya hau, sai ka ga ya yi tudu wajen hantsi, sannan ya gangaro. Ran Juma'a tudun yana yin wuri, don mutane na son su gama kafin masallaci. Ran da kasuwar wani yanki ke ci, nasu saƙon yana makara. Sai na gane ba zare nake kallo ba. Ƙasar Damagaram ce gaba ɗaya take tashi daga barci a gabana. Kowane ɗan motsi wani mutum ne da ya tsaya bakin rijiya, ya zura igiya, ya ƙirga gaba, ya goge hannu a riga, ya danna lambobi da yatsan da ya saba da fartanya. A gidan waya murya ɗaya nake ji a lokaci ɗaya. A nan kuwa ƙauyuka da ban taɓa takawa ba, da waɗanda ko sunansu ban taɓa ji ba, duk suna magana a tare, ni tsohuwa ina zaune a kujera ina kallon numfashinsu. Sau da yawa nakan tsinci kaina ina tasbihi ban san lokacin da na fara ba.

Mushe Laminu ya lura ina son abin, sai ya riƙa ƙara min. Ya ce lamba ɗaya ba ta faɗin gaskiya ita kaɗai, sai an haɗa ta da 'yar'uwarta. In Shiga ta hau Fita ta bi ta, lafiya lau. In Shiga ta hau Fita ta kwanta, mai ɗauka ya gaji, Saura za ta kumbura. In su biyun suka faɗi tare, to ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, ko kuma wani abu ya sami mutanen. Wata rana yana sauri ya nuna min yadda ake fasa jimilla a ga kowane layi daban, sau ɗaya tak, ya ce ba lalle in buƙaci wannan ba. Ya kuma nuna min wata ambulan a aljihun tebur mai kalmar sirrin buɗe saƙonni, ya ce dokar ƙungiya ba mai taɓa ta sai da izninsa ko na shef, shugaban biron, don maganar mutane amana ce.

Ranar da na yarda da zancen 'yan'uwan nan biyu, da azahar ne. Wuta ta ɗauke, injin bayan gida ya ƙi tashi, baƙar na'urarmu ta yi shiru ɗif. Na miƙe tsaye, na ce shi ke nan saƙon mutane ya zube. Mushe Laminu ya buɗe ƙaramar ordinatarsa mai batir, ya juyo min da ita.

"Zauna, Hajiya. Ki kalla."

Ina kallo alamar jagora ta tashi daga kan sunan Damagaram ta koma kan Maraɗi, ba wanda ya taɓa komai. Zaren Shiga ya ɗan girgiza, ya ci gaba da tafiyarsa. Da wuta ta dawo, tamu ta farka ta ga an bar ta a baya, sai ta shiga karɓar abin da ya wuce ta daga wurin 'yan'uwanta, lamba ta huɗu tana raguwa tana raguwa har ta koma kore. Ko saƙo ɗaya bai ɓace ba. Na tuna kakanninmu da suka zo daga Barno da ayari, wata guda wasiƙa tana kan raƙumi, in ɗan aike ya mutu a hanya maganar ta mutu tare da shi. Hawaye suka zubo min, na rasa dalili. Da na koma gida na ba babanku labari, ya ajiye allura ya ce:

"Ikon Allah. To su na'urorin, wa ya koya musu zumunci?"

A watan nan ne yayarku ta zo gida haihuwar fari. Ta sauka ran Lahadi, namiji, lafiya lau. Yayata Ya Kaltum ta tare a gidan don wankan jego, kun kuwa san abin da wankan nan yake ci na ruwa, safe da yamma, tukunya cike. Muka riƙa auna ruwan sha da moɗa don mai jego ta samu. Kowa idonsa na kan Alhamis, don in sitarna ta zo za a cika randuna saboda suna.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai babanku. Kullum da safe Saura takan kumbura, sannan ta sace, kafin la'asar ta koma sifiri. To tun kafin haihuwar na lura ta daina komawa sifiri. Wata la'asar ta tsaya a bakwai. Washegari sha huɗu. Wanshekare ashirin da ɗaya. Launin kore ne shar, don ba a sa ta yi ja ba sai ta kai ɗaruruwa. Na ga abin tun rana ta uku, zuciyata ta ɗarsa, amma na ce ni wace ce da zan yi gardama da kore. Ga hankalina ya rabu biyu, rabi a biro rabi a ɗakin mai ciki. Na yi shiru kwana shida. Wannan shi ne laifina na gaskiya a shekarar, ba wanda kuke faɗa ba.

Ran Alhamis da safe na zauna na dubi lambar jiya da na rubuta a takarda, sittin da uku. Na ce abin da yake ƙaruwa da bakwai kullum, ba ƙari ba ragi, ba gajiyar na'ura ba ce. Mutum bakwai ne suke magana ba a ɗauka. Na lalubi abin da Mushe Laminu ya taɓa nuna min, na yi kuskure sau biyu, a na uku jimillar ta fashe gida shida. Layi biyar suna tafiya sumul. Layi na huɗu, na ƙauyukan da ke bayan Gafati, Fitarsa a kwance take kamar gawa tun kwana tara. Sauran biyar ɗin ne suka rufe shi da yawansu.

Na kira Mushe Laminu, wayarsa ba ta shiga, ya kama hanyar Yamai tun da sassafe. Na kira shef, ya raka baƙi arewa, ba rezo. Na zauna ina kallon aljihun tebur. Na yi bisimilla na yage ambulan.

Saƙon da ke kan gaba a layin ba lambobi ba ne, magana ce. Har yau ina iya karanto ta da ka.

"Salamu alaikum. Rijiya ta rufta da Malam Idi yana yasa. Mun binne shi. Ba ruwa a Tudun Aduwa. Ni ce matarsa Hauwa."

Na'urar sashen ruwa lambobi kawai ta sani, kuma an gina ta kada ta tsallake saƙon kowa. Sai ta ɗauki wannan, ta kasa ganewa, ta mayar, ta sake ɗauka, haka take yi ba dare ba rana har kwana tara, duk na bayansa suna tsaye. Na bi layin ina karantawa. Ƙauyuka shida suna ta aiko da lambobinsu, igiya tana ƙara tsawo kullum. A tsakaninsu kuma kowace safiya ga Hauwa. "Ban iya lambobin ba, ku yi haƙuri." "Muna zuwa ɗiba da jakuna, tafiyar wuni, jaki biyu sun faɗi." "Mazan suna ci-rani." Na ranar nan kuwa kalma huɗu ne: "Har yanzu muna nan."

Takardar direbobi ta riga ta fito, motoci duk sun tafi inda aka tura su sai ɗaya da ake cikawa, ta unguwarmu. Direbanta Malam Ari ne, maƙwabcinmu, abokin babanku tun na samartaka. Na ɗauki alƙalami na soke Zango, na rubuta Tudun Aduwa, na sa hannu da cikakken sunana, na fita na miƙa masa. Ya karanta, ya cire hula ya sosa kai.

"Hajiya Falmata, kin san ruwan wa ke cikin motar nan?"

"Na sani, Malam."

"Matata tana layi tun jiya. Ke kuma ga ɗiyarki da jego."

Na karanta masa saƙon farko da na ƙarshe. Sannan ya mayar da hularsa.

"Ni takarda nake bi, ga kuma sa hannu. Amma ba zan tafi ni kaɗai ba. In za a zage mu, a zage mu tare. Hau."

Muka wuce Gafati, muka bar hanyar mota muka shiga rairayi. Gonaki fetal, karan bara ma an tsince an ba dabbobi. Sau biyu motar tana kafewa muna tura ƙirare ƙarƙashin taya. Rana ta take muka hango bukkoki a gindin wani tudu, da itacen aduwa ɗaya tal a samansa. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya rugo. Mata da tsofaffi suka fito a hankali da tulu da ƙwarya suka tsaya, kamar suna tsoron in suka yi motsi motar za ta ɓace. Da Malam Ari ya buɗe bututu ruwa ya zubo, wata tsohuwa ta durƙusa ta tara hannu biyu, ba ta sha ba, sai ta shafa a fuskar jikanta tukuna.

Na tambayi Hauwa, aka nuna min ita. Gajeruwa ce, ba ta girmi yayarku da shekara goma ba, tana cikin takaba, salular mijinta ɗaure a bakin zane. Ta ce karatun yaƙi da jahilci ta yi damina biyu, da shi take rubutu. A cikin gari ba rezo, sai ta hau tudun can ta tsaya gindin aduwa ta ɗaga hannu sama har saƙon ya tafi. In batir ya mutu, sai ta ba masu zuwa ɗiban ruwa su sa mata a wani ƙauye mai faifan hasken rana. Na dubi tudun, na dubi ƙafafunta da suka faffashe. Na ce mata kwana tara ba amsa, me ya hana ta dainawa?

"Malam ya ce min duk abin da aka sa a ciki ba ya ɓata, ana ajiyewa. Na ce to in ana ajiyewa, wata rana wani zai duba." Ta ɗago ta kalle ni. "Inna, ke ce mai dubawa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ni ce, ɗiyata. Na makara."

"Ai kin zo," ta ce, ta juya ta shiga layi da tulunta.

Duk hanyar dawowa abu ɗaya nake tunani. Na yi wata biyu ina mamakin na'ura uku da ke riƙe wa juna amana daga gari zuwa gari, ashe abin mamakin na gaske yana kan wannan tudu. Na'urar ta cika alkawarinta, ko harafi ɗaya na matar nan ba ta yar ba. Amma ajiya kawai ta iya. Wadda ta yarda da ajiyar, ta hau tudu sau tara da ƙishirwa a wuya, ita ce ta fi ƙarfin tunanina har gobe.

Muka shigo Zango da la'asar sakaliya, mota wayam. Layin bido yana nan yadda yake, mata zaune a kansu tun safe. Labari ya riga mu isowa. Ba zan maimaita abin da aka faɗa min ba, wasu masu faɗin sun rasu, wasu kuma kuna gaishe su kullum, kuma suna da gaskiyarsu, su ma 'ya'yansu ƙishirwa suke ji. A gida Ya Kaltum ta tare ni a zaure.

"Falmata, tun muna yara kanki daban yake. Yau ko ɗigon wanka yarinyar nan ba ta samu ba. Uwa ce ke ko ma'aikaciya?"

Na shiga ɗaki, yayarku ta juya fuska bango. Babanku kuwa fita ya yi. Ya ari kurar ruwa, ya ɗora bido shida, dattijo da shi ya tura har wani pampo can bayan gari da aka ce yana ɗan ɗiga, ya yi haka kwana huɗu a jere. Ciwon bayan da kuka san shi da shi har ya koma ga Allah, a nan ya samo shi. Aka yi suna ran Lahadi ba armashi, shinkafa kaɗan, rabin maƙwabta ba su leƙo ba. Sitarna ba ta dawo unguwar ba sai Litinin.

A Litinin ɗin ne shef ya kira ni. Bai yi min tsawa ba. Ya ce in kowa zai buɗe saƙon mutane ya gyara takarda da hannunsa, gobe wani zai yi don ƙauyen surukansa, daga nan ba mai sake yarda da takardar. Ya ce ya san abin da na yi ya ceci rayuka, amma ba zai iya riƙe ni ba. Ban ga laifinsa ba a ranar, yau ma ban gani ba. Mushe Laminu, wanda ya juyo daga Yamai da ya ji labari, ya yi iya ƙoƙarinsa bai ci nasara ba. Tun daren Alhamis ya so ya gyara daga nesa, abin ya ƙi, sai da ya dawo. Kafin in tattara kayana ya kira ni ɗan ɗakin nan.

"Hajiya, kuskuren ginin nawa ne. Na koya miki kallon jimilla, jimilla kuwa tana ɓoye marar ƙarfi. Zo ki ga abin da na yi."

Ya buɗe wani wuri daban da duk saƙon da na'ura ta kasa ganewa zai riƙa faɗawa, don mutum ya karanta da idonsa. Ya kuma ƙara lamba ta biyar a allo, mai nuna tsawon lokacin da saƙo mafi daɗewa ya yi yana jira a kowane layi, ko da shi kaɗai ne. Sannan ya matsa gefe ya ce in danna da hannuna. Na danna. Zaren layi na huɗu da ya yi kwana goma sha uku a kwance ya miƙe tsaye, Saura ta riƙa zubewa a gabana har ta koma sifiri, takarda ta fito da sunayen ƙauyukan nan shida a sama. Daga baya na ji biyu daga cikinsu motar ta tarar ba kowa, sun kwashe sun yi kudu. Ban san ko sun dawo ba. In da na yi magana tun rana ta uku, wataƙila da suna nan.

Na dawo gida na zauna. Yayarku ba ta yi min rashin kunya ba, ba halinta ba ne, amma magana ba ta haɗa mu. In na shiga ɗaki sai ta rufe ido. Jaririn ma daga hannun Ya Kaltum nake karɓarsa. Ban yi mata bayani ba, don na ga duk abin da zan faɗa zai zama kamar ina auna ƙishirwarta da ta wata. Ashe Malam Ari ya ba babanku labarin tudun, babanku kuma ya ba ta. Ana jibi za ta yi arba'in, da hantsi, ina zaune bakin murhu ina iza wuta ƙarƙashin tukunyar wanka, sai na ji ta tsaya a kaina da yaron a kafaɗa.

"Inna, matar nan ta ƙauye, 'ya'ya nawa gare ta?"

Na ce, "Huɗu. Ƙaramin yana nono."

Ta dubi tukunyar da ke tafasa. Sannan ta sunkuya ta ɗora min yaron a cinya.

"Riƙe min shi. Ki ce wa Ya Kaltum ta rage ruwan, rabi ma ya ishe ni."